Sunan Baffa a Mujallar Turawa

Shekaru kaɗan bayan an sauke tutar Turawa an ɗaga tamu, babu wanda ake nunawa da baki a Tambuwal kamar Malam Armaya'u, malamin tarihi a babbar firamare. Siriri ne, mai yawan shiru, ba ka jin muryarsa sai a aji. Abin da ya ɗaga shi wata doguwar maƙala ce da ya rubuta da Turanci, a kan yadda garuruwan kudu suka yi ta ƙaura suna bin ruwa a shekarun yunwa, tun kafin Nasara su zo: wace rijiya ta ƙafe, su wa suka tashi, su wa suka ƙi tashi har suka mutu a gindinta. Ya aika da ita wata mujallar masana a Ingila, aka ce an karɓa. A kan ƙarfinta gwamnatin Jihar Arewa ta yi masa alkawarin gurbin karatu a can. Matarsa Hinde har ta fara tambayar matan ma'aikata irin rigar da ake sawa a ƙasar sanyi.

Ba a littafi ya samo labarin ba. A bakin baffansa ya ɗauke shi, yayan mahaifinsa, wanda ya riƙe shi a Kebbe tun yana maraya. Gidan nan kuwa suna da ƙa'idarsu ta ɗaukar tarihi, kuma ba ta da sauƙi. Malami ya faɗa, ɗalibi ya maimaita, in ya sauya kalma ɗaya a mayar da shi farko. Ba a taƙaita labari, ba a yi masa kwalliya, ba a sa na baya a gaba don ya fi daɗin ji. Kafin a fara kuma sai an jero waɗanda aka ji daga bakinsu. Baffa ya ji daga mahaifinsa Malami, Malami ya ji daga goggonsa Ni'imatu, ita kuwa da ƙafarta ta yi ƙaurar, tana yarinya. Da Armaya'u ya zo juya labarin zuwa Turanci, haka ya bi shi sawu da sawu, har da ɗan ratsen da Baffa kan yi a tsakiya kan wata makauniyar saniya da ta gano ruwa. Bai ga wata dabara a cikin haka ba. Shi dai haka ya san ana riƙon amanar ilimi.

Abu ɗaya kawai ya cire, wato suna. Malam Sidi ne sunan tsohon, ni zan iya faɗa tunda ba shi ya raine ni ba. Armaya'u kuwa tun da ya buɗe baki bai taɓa furta shi ba, ko a ɓoye. In wani yaro a ajinsa yana da sunan, sai ya ce masa Mai Sunan Baffa. Ga shi ya san halin Turawa, su ɗauki sunan dattijo su kira shi gatsau, ba Malam ba komai, kamar suna kiran kukunsu. Ya ɗora alƙalami zai rubuta, kunya ta riƙe masa hannu. Sai ya sa “wani dattijo a ƙasar Kebbe”. Da sunan farko ya fita, sauran ba su da inda za su rataya, suka bi shi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, cikin damina, sai ga wata mota Landiroba ta tsaya a bakin makaranta. Ɗan'iya ne ya fito, abokinsa tun suna makarantar Midil, wanda yanzu yake aiki a sashen binciken tarihi na wata jami'a, kuma shi ya nuna masa hanyar mujallar. Ɗan'iya mutum ne mai dariya tun daga nesa. Ran nan bai yi ba. Ya ja shi gindin dogon yaro, nesa da tagogin aji, ya zaro wani tsohon littafi mai koren bango daga jakarsa.

“Buɗe inda nis sa tsinke,” in ji shi.

Armaya'u ya buɗe. Layin farko ya ji kamar ya san muryar. Ya bi shafin har ƙasa. Ga rijiyoyin nan a jere yadda ya jera su, ga waɗanda suka tashi, ga waɗanda suka ƙi. Ya juya shafi, ga makauniyar saniya a daidai inda ya ajiye ta. Ya duba bango. Wani Kyaftin Ashwel ne ya rubuta, tsohon jami'in mulki, an buga tun Armaya'u yana goye.

“Ban taɓa ganin littafin ga ba, Ɗan'iya. Wallahi ban taɓa ba.”

“Ni na sani. Su ɗin na ba su sani ba. Wani tsohon farfesa cikin masu duba mujallar yag gane shi. Sun ce ka kwashe aikin mutum ba ka ambace shi ba, kal laƙa ma wani dattijo da ba shi da suna. Can wurinsu babu laifin da yaf fi wanga. In maganar ta kai Kaduna, ba gurbin kaɗai za ka rasa ba. Ba wanda za shi sake karanta ko wasiƙarka.”

Ɓarawo. Sunan da aka laƙa wa Armaya'u ke nan, shi da ko alli bai taɓa kaiwa gida ba. Tsoro ya kama shi, fushi ya biyo baya, amma can ƙasa akwai wani sanyi, domin yana da inda zai je. Baffa yana da rai.

Suka kama hanyar Kebbe a ranar. Hanyar ta jiƙe ta yi laka, motar tana tafiya tana wutsil-wutsil, gero kore shar a dama da hagu. Suka iske Baffa a zaure bayan azahar, a kan buzunsa. Idanunsa sun yi fari, ba ya ganin komai sai duhun mutum, amma kunnensa ko allura ta faɗi ya ji. Suka durƙusa suka gaisa, aka tambayi Hinde, aka tambayi ruwa. Sannan Armaya'u ya tambaye shi ko ya taɓa ba wani Bature tarihin ƙaura.

“Mai Lofe kaka nufi,” in ji Baffa, har da ɗan murmushi. “Shekarar fara yaz zo, bisa doki, da tafinta nai wani Bazazzagi. Ƙarƙashin tsamiyar can munka zamna. Yac ce tarihi shika so, nib ba shi.”

“Yadda kab ba ni, Baffa, haka kab ba shi?”

“To da ƙaƙa za ni ba shi? Labari biyu gare ni?”

“Da sunayen?”

“Da su nif fara, ai ba a shiga sai da su. Sai dai na lura, sa'ad da nika jero su, lofe nai shika cikawa da taba. Sai da nik kai ga rijiyar farko alƙalami nai yat tashi.”

Armaya'u ya waiwayi abokinsa da fuskar wanda aka wanke. Ɗan'iya bai ɗago ba. Ba su gaya wa tsohon dalilin tambayar ba, shi ma bai nema ba. Ya sa aka kawo musu fura, ya yi musu addu'a, ya ce su tafi kafin hadari ya haɗu.

A wani kwari kusa da Fakku motar ta kafe, direba ya shiga ƙauye neman masu turi. Nan, suna tsaye a kan tudu da takalma a hannu, Ɗan'iya ya fasa abin da ke cikinsa.

“Shaidar Malam ba ta fisshe ka. Littafin ga ya daɗe a duniya, shina cikin ofisoshin En'e, 'yan makaranta sun karanta shi. Za su ce wani ɗan boko yak karanta ma tsoho, tsoho yah haddace, har yam manta inda yaj ji. Suna da suna ma abin ga, sun yi rubuce-rubuce bisa gare shi. Kai diba mani, wa za su gaskata? Takarda mai kwanan wata, ko makahon tsoho da ka shaidar ɗa nai?”

“Amma ƙarya ta.”

“Ban ce gaskiya ta ba. Na ce ita za su yarda da ita.” Ɗan'iya ya kankare laka daga ƙafarsa da kara. “Kuma nan mafitarka take. In kai da kanka kar rubuta haka, ka fita. Ka ce ka ɗauki labari ga dattijo da zuciya ɗaya, daga baya bincike yan nuna maka daga littafin Ashwel yas samo shi. Ba ɓarawo kake ba ke nan, mai bincike kake, wanda yag gano abu. Wallahi sun fi son wagga maƙala bisa ta farko. Irin ta suka nema daga wurinmu.”

“In ce Baffa...” in ji Armaya'u.

“Malam ba shi jin Turanci. Mujallar ga ko a Sakkwato mutum nawa ka ganinta? Ka tai ka samo digirinka, ka dawo da bakin da za a saurara, sannan ka gyara. Yanzu in ka yi gardama, ku biyu za a binne.”

Kada mai karatu ya yi saurin tsine wa Ɗan'iya. Ya zauna da mutanen nan, ya san ƙofar da suke buɗewa da wadda ba su buɗewa, kuma da gaske yake son abokinsa ya wuce. Abin haushin ma shi ne duk abin da ya faɗa game da su haka yake.

Armaya'u ya yi kwanaki yana jan ƙafa. Ya gwada rubuta gaskiya tsantsa, ya karanta da idon farfesan nan, shi kansa ya ji ta kamar kame-kamen wanda aka kama. Ya yi tunanin haƙura da Ingila. Amma ba Ingila kaɗai ba ce, sunansa ne. Ya hango hedimasta yana kallonsa, ya hango yaran da yake yi wa bulala kan satar amsa. Hinde ta ga ya daina cin tuwo, ta tambaye shi, ya ce aiki ne. Ta ce in aiki ne ya yi shi ya huta mana. Ranar wata Asabar da safe ya rufe ƙofar ɗakin malamai, ya zauna gaban tafireta.

Abin ya zo masa da sauƙi, wannan ne ya fi ba shi tsoro. Ya san labarin ciki da waje, don haka ya san duk inda zai ɗora shi kan littafin Bature ya zauna daram. Ya jera su gefe da gefe, ya nuna yadda ba su saɓa ba ko a saniya. Wannan rashin saɓawar, da a gidansu shi ne shaidar gaskiya, shi ya mayar hujjar kwafi. Saura abu ɗaya. Ɗan'iya ya gargaɗe shi cewa wannan karon ba za su karɓi “wani dattijo” ba, sai da suna da gari. Ya daɗe yana kallon maɓallan. Sannan ya buga da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, sunan da bai taɓa faɗa ba. Ya ji ƙyamar kansa har cikin ƙashi, amma bai zare takardar ba.

Aka buga maƙalar. Aka yabe ta. Farfesan da ya tono zancen da kansa ya ce ga irin matasan da Afirka take bukata, masu iya duban dattawansu da idon basira. Kaduna ta tabbatar da gurbi, aka sa ranar tafiya bayan kaka.

Ba a tafiya irin wannan ba a yi sallama ba. Armaya'u ya so ya je Kebbe a ɓoye, ya durƙusa ya karɓi addu'a ya fito. Ina! Labari ya riga shi. Ɗan'iya, garin son faranta wa tsoho, ya aika cewa sunan Malam ya shiga littafin Turawa. Da Armaya'u ya iso ya tarar an share ƙofar gida, an baza tabarmi, liman da dattawan unguwa da ma'aikatan gari duk sun hallara da hantsi. Baffa yana tsakiya cikin rawani, fuskarsa tana haske irin na mutumin da aka biya bayan ya cire rai.

Bayan addu'a Baffa ya ɗaga hannu aka yi tsit.

“Ku shaida,” in ji shi. “Yaron ga ya ɗauki tarihin gidan ga duka, bai zubar da ko kalma ba. Na yi mai izini. Daga yau in za shi ba da shi, shi ce daga ni, ni daga Malami, Malami daga Ni'imatu. In na faɗi, gare shi za ku nema.”

Aka ɗauki kabbara. Armaya'u ya sunkuyar da kai, mutane suka ce kunya ce.

“An ce ka taho da littafin. Karanta muna wurin da sunan yake.”

Da ya ce ya manta shi a Tambuwal, da an wuce wurin. Amma mujallar tana leƙowa daga aljihun rigarsa, liman ma har ya miƙa hannu ya shafa bangonta. Ya buɗe, ya karanta da Turanci, da sauri, murya ƙasa-ƙasa. Da sunan ya fito a tsakiyar yaren Nasara, wurin ya ɗauki “Masha Allah”. Wata tsohuwa a bayan zana ta rangaɗa guɗa.

“To fassara muna,” in ji Baffa.

Armaya'u ya dubi shafin. Ya iya rubuta ƙarya ga mutanen da bai taɓa gani ba. A gaban buzun nan, inda aka sha mayar da shi farko kan kalma ɗaya, harshensa ya ƙi.

Baffa ya yi dariya. “Kunya ta hana shi, sunana na ciki. Ɗanmaliki, kai kana jin Turanci. Amshi ka fassara.”

Ɗanmaliki akawun kotu ne, dattijon kirki, aikinsa ke nan shekara da shekaru, ya juya magana yadda take ko ta yi wa wa zafi. Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya fara da murya sama. Jimla ta farko lafiya lau, suna ne da gari da shekaru. A ta biyu ya rage murya. Ya tsaya, ya dubi Armaya'u ta saman tabarau.

“Ci gaba,” in ji Baffa.

“Allah shi gafarta Malam, shina cewa... labarin da Malam ka badawa, alamu sun nuna ba gadon kakanni na ba. Daga littafin wani Bature yaf fito. Wataƙila wani ɗan makaranta yak karanta ma Malam, yah haddace, har yaz zaci nashi na. Shina cewa kuma, sunayen da Malam ka jerowa da farko, ba a iya dogara gare su.”

Kaji suna tono a gefen tabarma, ana jin ƙarar ƙafafunsu. Baffa ya juyo da fararen idanunsa daidai inda Armaya'u yake.

“Bature yar rubuta wanga?”

“A'a, Baffa.”

“Kai ka san yaron da yak karanta mani?”

“Babu shi, Baffa.”

“To.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai zage shi ba, bai janye izinin ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'ar tafiya tunda don ita aka taru, gajeriya, mutane suka shafa suka tashi suna neman takalma ba mai kallon wani. Armaya'u ya matso zai kama shi ya kai shi ciki. Tsohon ya dafa bango ya miƙe da kansa, ya bi shi da lalube har ya shige.

Ingila ta karɓi Armaya'u hannu biyu. Duk wanda aka gabatar da shi gare shi ya san maƙalar. Ana sa ɗalibai su karanta ta kafin su tafi Afirka, don kada tsofaffi su ruɗe su. Ya yi niyyar gyarawa, Allah ya sani ya yi. Sai dai kullum akwai jarrabawa a gaba, kuma mutumin da zai sa hannu a digirinsa shi ne farfesan da ya yabe shi. Ya ce bari ya gama tukuna. A shekararsa ta biyu Baffa ya rasu, labarin bai iske shi ba sai bayan an yi sadakar arba'in.

Bayan haka da 'yan watanni, a wurin shan shayi na sashensu, wani saurayin Bature ya ratso mutane ya kama hannunsa yana girgizawa. Bai daɗe da dawowa daga Arewa ba, ya zaga ƙauyuka da rikoda yana ɗaukar muryoyin dattawa domin a adana su.

“Har Kebbe na je,” in ji shi cikin fara'a. “Na ma ga tsohon naka, bara kafin ruwa ya sauka. An gaya masa ina zuwa. Na hango shi a ƙofar gida ya sha farar riga da rawani, an shimfiɗa tabarma a gabansa. Tafintana ya ce tun safe yake zaune. Faifaina sun kusa ƙarewa, ga rana tana yi, sai na tuna da maƙalarka na ce wa direba ya wuce. Ka hutar da ni ƙwarai.”

Yana tsaye yana murmushi, yana jiran amsa. Armaya'u ya ajiye kofinsa a kan tebur, ya ce masa ba komai.